Peugeot 504 ko Mercedes W123: wacce ta dace da mai saye a Mokolo?

A arewacin Kamaru, daga Garwa zuwa Marwa har kan duwatsun Mokolo, motocin Toyota da baburan China sun daɗe da mamaye tituna. Duk da haka akwai tsofaffin motoci biyu da har yanzu ake taya su a bakin gareji, masu su kuma ba sa rabuwa da su cikin sauƙi: Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo, da Mercedes W123, Marsandin nan mai tauraro a goshi. Dukansu an ƙera su tun kafin kwamfuta ta shiga cikin inji, dukansu kuma sun yi suna a gasannin tseren motoci mafi wahala a duniya.

Ga malamin makaranta ko ɗan kasuwar albasa da ya yi shekaru yana tara kuɗi, zaɓi tsakaninsu ba abin wasa ba ne. Idan ya dace, ya samu motar da za ta daɗe tana yi masa hidima a kan kuɗin da bai kai na sabuwar shigowa ba. Idan ya yi rashin sa'a, dukiyarsa za ta ƙare a ƙarƙashin dalbejiya, an ɗora ta kan duwatsu huɗu, kaji suna ƙwai a ciki. Abin da ke raba gardama shi ne hanyar da motar za ta riƙa bi, da makanikin da zai riƙa taɓa ta, da takardun da ke hannun mai sayarwa.

Asalin motocin biyu

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, a 1969 kuma aka ba ta lambar gwarzuwar motar shekara a Turai. An ƙera fiye da miliyan 3. A Turai an daina yin mai ƙofa huɗu a 1983, amma a Afirka lokacin ne ma take tashe. Masana'antar Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, da ke Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000. Kenya ma ta harhaɗa ta zuwa 2004. A Najeriya ta zama motar gwamnati, ta 'yan sanda, da ta ma'aikacin da ya ci bashin mota. Doguwarta mai layin kujeru uku ita ce ta riƙe tashoshi daga Maiduguri zuwa Kano, daga Yola zuwa Mubi. A 1979 aka ƙara da akori-kura, wadda a ɓangaren Faransanci ake kira bâchée saboda tamfol ɗin da ake rufa mata.

Ita kuwa W123, kamfanin Mercedes ya fara sayar da ita a 1976, aka daina ƙera ta a farkon 1986, bayan an yi kusan miliyan 2.7. Lambar da ke bayan but ɗinta ce ke faɗin girman inji: 200, 230 da 280 masu shan fetur ne, 200D, 240D da 300D kuma masu shan gazuwal, wato man dizal. A Jamus ita ce tasi, da ta tsufa a can sai ta cika Afirka, musamman Maroko, inda ta shafe shekaru tana jigilar fasinja tsakanin garuruwa. A Najeriya da Kamaru ba a yi mata masana'anta irin ta Kaduna ba. Duk wadda aka gani a yankin nan, ko dai ta teku ta zo, ko ta hamada.

Wannan bambanci yana da tasiri kai tsaye a aljihun mai saye. W123 mafi ƙuruciya a duniya ta kai kimanin shekara 40. Amma ana iya samun 504 ta Kaduna da ba ta wuce rabin wannan shekarun da yawa ba, duk da cewa zubinsu ɗaya da wadda aka yi a 1975.

Sunan da suka yi a fagen tsere

Dillalai kan ce waɗannan motoci ba sa mutuwa, kuma maganar tana da tushe. A 1975 Peugeot 504 ta lashe manyan gasanni uku na Afirka: Safari ta Kenya a hannun Ove Andersson ɗan Sweden, gasar Maroko a hannun Hannu Mikkola ɗan Finland, da gasar Bandama ta Côte d'Ivoire a hannun Bernard Consten Bafaranshe. Bandama ita ce gasar da a 1972 aka tashi babu motar da ta kai ƙarshe. A 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da Bandama duka da 504 mai ƙofa biyu da injin V6.

Mercedes ma ba a bar ta a baya ba. A 1977 Andrew Cowan ya lashe tseren Landan zuwa Sydney, mai tsawon kimanin kilomita 30,000, da W123 samfurin 280E, wadda ta zo ta biyu ma irinta ce. A 1979 'yar gidansu mai ƙofa biyu, 450 SLC, ta kwashe matsayi na ɗaya zuwa na huɗu a Bandama, Mikkola yana kan gaba.

Abin lura shi ne waɗancan motoci kamfani ne ya shirya su. An ƙarfafa ƙarƙashinsu, makanikai suna biye da su da sababbin kaya. Tarihin ya tabbatar da cewa zubin motocin na ƙwarai ne. Bai ce komai ba game da wadda ke tsaye a garejin Marwa, wadda ta bi hannun mutum shida kafin ta iso.

Hanyoyin Mayo-Tsanaga

Mokolo, hedikwatar sashen Mayo-Tsanaga a yankin Arewa Mai Nisa, tana kan duwatsun Mandara, kimanin mita 800 sama da teku. Kwalta ta haɗa ta da Marwa, tafiyar kusan kilomita 80. Daga Marwa babbar hanya ta ƙasa ta gangara Garwa, kimanin kilomita 200, ta wuce Ngaundere inda layin dogo ya tsaya. Sauran hanyoyin kuwa ƙasa ce da dutse: wadda ta yi kudu zuwa Mogode da Rumsiki, wadda ta yi arewa ta gangaren Koza zuwa Mora, da wadda ta hau Turu a bakin iyaka. Da rani gargada ce da ƙura. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa ruwa yana zaizaye su, rafukan da ake kira mayo suna cika su tare hanya na sa'o'i.

A irin wannan hanya 504 ce sarauniya. Sifirin ɗinta da shokozoba suna da doguwar tafiya, shi ya sa take lanƙwasa da rami maimakon ta doke shi. Farfelar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya tana cikin wani bututun ƙarfe mai kauri, dutse ba ya samun ta. Doguwar da akori-kurar kuma gatari ɗaya ne ɗungurum a bayansu, wanda ke jure lodin buhunan dankali da albasa. Ga ta ba nauyi, domin ta fi Marsandi sauƙi da kimanin kilo 150, idan ta kafe a yashi samari huɗu sun isa su fitar da ita.

W123 an yi ta ne domin doguwar kwalta. A tsakanin Marwa da Garwa tana kwanciya a hanya, iska ba ta kaɗa ta, fasinja ya sauka ba ciwon baya. Jikinta ya fi kauri, an kuma tsara gabanta da bayanta su murƙushe su shanye ƙarfin karo, abin da ke da muhimmanci a hanyar da manyan motocin Cadi ke bi dare da rana. Amma ƙafafunta cike suke da robobi da gwiwoyi masu yawa, gargada kuma robobi take ci. Tukunyar baƙin manta ma ba ta da nisa da ƙasa, dutse ɗaya a hanyar Rumsiki ya isa ya zubar da man ya kashe inji. Doguwarta mai harafin T tana da na'urar mai da ke ɗaga bayanta idan an yi lodi, gyaran wannan na'ura kuwa sai mai hannu da shuni.

Akwai kuma batun hawa. Injin 200D ƙarfin doki 55 zuwa 60 gare shi, na 240D kuma 65 zuwa 72. Injin fetur na 504 mai cc 1971 ya haura 90. Marsandi mai gazuwal da ta ɗauki mutum biyar da kaya za ta hau Mokolo ko tsaunin da ke gab da Ngaundere, amma a giya ta biyu, cikin haƙuri.

Inji da mai

Shekara da shekaru, abin da ya sa motar fetur ta fi riba a arewacin Kamaru shi ne zuwa-zuwa, fetur ɗin Najeriya da ake tsallakowa da shi a jarkoki ana sayarwa a kwalabe a bakin titi. A da gwamnatin Najeriya ce ke biyan tallafi a kan fetur, gazuwal kuwa an daɗe da sakin farashinsa, saboda haka arahar ba ta shafi masu dizal sosai ba. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin, cikin 'yan kwanaki farashin lita ya ninka fiye da sau biyu. A Kamaru ma farashin hukuma ya tashi: fetur daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sannan 840 a Fabrairun 2024. Gazuwal ya tashi daga 575 zuwa 720, sannan 828. Duk wanda ke lissafin riƙe Fijo da farashin zuwa-zuwa na da, sai ya sake lissafi.

A ɗauka 504 mai lafiya tana shan lita 11 a kilomita 100, 240D kuma lita 9. Zuwa Marwa da dawowa kilomita 160 ne. Da farashin 2024, Fijo za ta ci kusan sefa 15,000, Marsandi kusan 12,000. Wanda ke wannan tafiya sau ɗaya a mako zai ga bambancin kimanin sefa 150,000 a shekara. Kuɗi ne, amma gyaran famfon gazuwal sau ɗaya zai iya lashe shi.

Injin fetur na 504 ba shi da wuyar sha'ani. Kafireto ne da fulogi huɗu, matsin da ke cikin silinda bai kai kashi 9 ba, shi ya sa yake haƙuri da fetur marar kyau. Idan datti ya toshe kafireto, a bakin hanya ake kwance shi a hure. Silindojinsa kuma hannun riga ne da ake zarewa a sa sababbi, don haka ana sabunta injin ba tare da an kai shi wurin masu gogewa ba. Rauninsa zafi. Kan injin alminiyam ne, idan lagireto ya toshe ko fanbel ya tsinke a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, kan yana lanƙwashewa, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai.

Injin dizal na Marsandi ƙarfe ne zalla daga sama har ƙasa, kuma an san shi da tsawon rai idan ana canja masa baƙin mai a kan lokaci ana daidaita bawul. Da zarar ya tashi ba ya buƙatar wuta ko kaɗan. Tashin ne ke son batir mai ƙarfi da lafiyayyun fulogin ɗumama, musamman da asubahin Disamba da Janairu a kan dutse, domin matsinsa kashi 21 ne, turi ba ya tayar da shi cikin sauƙi. Abokin gabarsa gazuwal mai ruwa ko ƙasa, wanda ke cinye nozul da famfon Bosch. Akwai kuma wata ɗabi'a da ke ruɗa sabon mai ita: iskar zuƙo ce ke kashe injin, a wasu kuma ita ce ke kulle ƙofofi. Idan siririn tiyo ɗaya ya huje, za a zare makulli inji ya ci gaba da aiki, sai an buɗe bonet an danna maɓallin da aka rubuta STOP a jikinsa.

Kayan gyara da masu gyara

A nan ne iyaka ke shiga maganar. Shekara 30 da PAN ta yi tana fitar da 504 sun bar tulin kaya a Najeriya, sabo da na hannu: a kasuwar Panteka ta Kaduna, a Ƙofar Ruwa ta Kano, a Jimeta da Mubi. Daga Mokolo, Mubi ta fi Duwala kusa nesa ba kusa ba, kuma 'yan kasuwar da ke zirga-zirga ta Burha sun saba da saƙon kayan mota. Faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta sa mai sefa a hannu yakan samu sauƙi a can. Sai dai kasuwar cike take da jabu. Famfon ruwa ko kulocin da aka saya da rabin kuɗi yakan mutu kafin damina ta fita, araha ba ta ado.

Hanyar nan kuma ba kullum take buɗe ba. A ƙarshen 2014 Mubi ta faɗa hannun Boko Haram na wasu makonni, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 kuma Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Mai Fijo mai hankali yana ajiye fanbel, gaskit, fulogi da kayan kafireto a gida.

Kayan W123 ba su ɓace ba, domin kamfanonin Jamus da na wasu ƙasashe suna yin da yawa daga cikinsu har yanzu, masu sha'awar motar a Turai kuma suna da yawa. Amma hanyarsu doguwa ce: daga Camp Yabassi a Duwala ko daga Yawunde, a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan a bas zuwa Marwa. Abin da mai Fijo zai samu cikin kwana biyu, mai Marsandi zai iya jiransa mako biyu, a kan kuɗin da ke bin farashin yuro, tun da sefa a ɗaure take da shi a kan 655.957.

Makaniki ya fi kaya muhimmanci. Kusan duk wani tsohon makaniki a yankin nan a kan 404 da 504 ya koyi sana'a, yana iya kwance injin ido rufe. Wanda ya iya saita famfon dizal na Marsandi kuwa sai an nema a Marwa ko Garwa, galibi cikin masu gyaran manyan motoci. Kafin a biya ko sisi, ya kamata mai saye ya san sunan mutumin da zai riƙa kai wa motar, ya san shekarunsa, ya kuma duba ko yana da yaran da ya koya wa aikin. Da tsohuwar zuma ake magani, amma tsofaffin masu gyaran nan suna ƙarewa, matasa kuma sun koma kan babur da Toyota.

Takardu

Motoci da yawa da ke ruɓewa a harabar duwan ko ta jandarmomi lafiyarsu ƙalau aka kama su, takarda ce ta kayar da su. A Kamaru mai mota yana buƙatar katin mallaka, wato carte grise, da sunansa a kai, da inshora, da shaidar binciken lafiyar mota da ake kira visite technique, da harajin shekara, wanda tun 2017 ake biyansa tare da kuɗin inshora. Harajin yana bin ƙarfin injin da aka rubuta a katin.

Tarkon Fijo shi ne asalinta. Yawancin masu kyan suna ɗauke da lambar Najeriya, Najeriya kuwa ba ta cikin ƙungiyar CEMAC. Motar da aka sayo a Mubi ko Yola sai an biya mata kuɗin duwan kafin ta samu lambar EN ta Arewa Mai Nisa ko NO ta yankin Arewa, kuma Kamaru tana ƙara haraji a kan mota gwargwadon tsufanta. Takardar wucewa ta wucin gadi ta baƙo ce mai komawa gida, ba ta mayar da mota 'yar ƙasa. Ya kamata a je ofishin duwan a ji adadin kuɗin tun kafin a yi ciniki, a haɗa shi cikin farashi.

Tarkon Marsandi kuwa yawan hannun da ta bi. Sau da yawa katin yana ɗauke da sunan mutumin da ya rasu tuntuni, ko wanda ya sayar shekara 15 da suka wuce ba a canja suna ba. Idan motar gado ce, sai an ga yardar magada a rubuce, in ba haka ba wata rana wani ɗa zai fito da ƙara. Lambar shasi ma tana tona asiri: a W123, 123.120 na nufin 200D, 123.123 na nufin 240D, 123.130 na nufin 300D, 123.033 kuma 280E. Idan but ya ce 300D shasi ya ce 200D, an canja wani abu. Haka nan idan an sa mata injin wata mota, ko an mayar da mai fetur ta koma dizal, dole katin ya nuna hakan.

Masu tsallake iyaka su tuna cewa katin inshora mai ruwan hoda na CEMAC yana aiki a Cadi, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Equatorial Guinea. Najeriya tana cikin wani tsarin daban, na katin ruwan ƙasa na ECOWAS, saboda haka mai shiga can da lambar Kamaru sai ya nemi inshorar da ake karɓa a wancan ɓangaren.

Ranar duba mota

Gani ya kori ji. A je da sassafe, da makanikin mai saye ba na mai sayarwa ba, a taɓa inji a tabbatar da sanyi yake. Injin da aka ɗumama kafin baƙo ya iso yana ɓoye wani abu. Dizal mai lafiya yana tashi nan take bayan fitilar ɗumama ta mutu. Idan ya tashi, a sassauta murfin baƙin mai a bar shi a bakin ramin: in yana rawa kaɗan babu laifi, in hayaƙi yana tunkuɗe shi sama, zoben fistin sun gaji. A Fijo kuwa a buɗe lagireto tun da sanyi a tayar da inji. Kumfa a cikin ruwa, ko baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara, alamar gaskit ce. Shuɗin hayaƙi a salansa na nufin inji yana shan baƙin mai.

Daga nan sai a shiga ƙarƙashi. Inji ana sabunta shi, amma jikin da tsatsa ta cinye ya tafi ke nan. A ɗaga tabarmar ƙasa, a duba mazaunin batir, wuraren sa jak, cikin but da inda ƙafafun baya suka kama jiki. Motar da ta yi rayuwarta a Marwa ko Maiduguri takan tsira daga tsatsa saboda bushewar iska, sai dai rana ta farfasa mata robobi. Wadda ta fito daga Duwala, ko ta sha gishirin titunan Turai, sabon fenti kan rufe mata ɓarna mai yawa. Ƙaramin maganaɗisu yana nuna inda aka cike da ƙulli, domin ba ya kamawa a wurin.

Kada a yarda da agogon kilomita, a motar da ta kai wannan shekaru ko ya lalace ko an juya shi. A tuƙa ta a kwalta da gargada duka, a hau tudu da mutane a ciki ana kallon allurar zafi, a gangaro ana gwada birki. Sitiyarin Marsandi yakan yi wasa a tsakiya idan akwatinsa ya gaji, na Fijo kuma yakan yi ƙara a kan rami.

Masu ƙofa biyu

Lokaci-lokaci akan ji labarin 504 Coupé ko Mercedes 230CE da 280CE a gidan wani tsohon ma'aikaci a Garwa ko Yawunde. Su ne ainihin motocin ƙawa na wannan zuri'a, kuma su ne masu tara tsofaffin motoci a Turai ke nema. A Faransa motar da ta cika shekara 30 tana iya samun katin motar tarihi. Wannan ne ke sa wasu su saya da fatan wata rana Bature zai zo ya biya ninki.

Fatan yana da rauni. Jikin 504 Coupé kamfanin Pininfarina ne ya yi shi a Italiya, kuma ko ƙofa ɗaya ba ta yi daidai da ta Kaduna ba. Gilashin gaba ko fitilar baya idan ta fashe, babu ita a Panteka. Mai injin V6 kuma shan manta sai mai rijiya. Masu saye a Turai suna biyan kuɗi ne a kan motar da komai nata na asali ne, da tarihin gyaranta a rubuce, ga kuɗin kai ta tashar Duwala da na jirgin ruwa. Baƙin da a da ke zuwa kallon duwatsun Rumsiki, waɗanda za su iya hayar irin wannan mota, sun ragu ƙwarai tun daga 2013 da aka fara sace Turawa a yankin. Mai ƙofa biyu ta dace da wanda ke da wata motar ta aiki, yana son ta fita ranar salla ko ɗaurin aure.

To wacce za a ɗauka?

Ga mazaunin Mokolo da harkarsa ke kai shi kasuwar Laraba ta garin, da Koza, Mogode da ƙauyukan kan dutse, 504 ce ta fi dacewa, musamman doguwar ko akori-kurar da ta fito daga Kaduna a shekarun ƙarshe, da sharaɗin an biya mata duwan. Hanyar ta san ta, makanikai sun san ta, kayanta suna bayan dutse.

Ga wanda yawancin tafiyarsa a kwalta ce, Marwa, Garwa, Ngaundere, yana da makanikin dizal da ya amince da shi, kuma zai iya jure motar ta kwana goma tana jiran kaya, 240D ko 300D mai giyar hannu za ta ba shi natsuwa da sauƙin mai da Fijo ba za ta ba shi ba. Samfurin 200D ya yi rauni ga hawan dutse, 280E kuma shan manta da tsarin famfonta sun fi ƙarfin mai albashi.

Idan kuwa aka samu Marsandi mai tsabtar jiki da cikakkun takardu a gefe guda, da Fijo mai tsatsa da lambar aro a ɗaya gefen, sai a ɗauki Marsandin ko da a Turu ake zaune, haka ma idan abin ya juya. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Kowacce aka zaɓa, kada a zuba duk abin da aka tara a farashin saye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: a ware kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin domin tayoyi, birki, lagireto, batir da canjin suna a katin mallaka, a kuma gama waɗannan kafin a ɗauki iyali a hau hanya.